Abin da kalandar gidajen hutu ta koya mini

Na ajiye aikina a kamfanin da ke ba masu zuwa hutu hayar gidaje, kuma tunda abokan aiki suna ta tambayata abin da zan faɗa wa wanda zai gaje ni, gara in rubuta shi sau ɗaya kowa ya karanta.

Duk wanda ya zauna a kujerar nan ya san gida ɗaya muke tallatawa a wurare da yawa: dandalolin kama masauki na intanet irin su Airbnb, Booking.com da Vrbo, ga kuma shafin kamfani. Amfanin manhajar gudanarwa shi ne ta tara kalandun nan wuri guda, da zarar baƙo ya kama kwanaki a wani dandali su rufe a sauran. Sai dai haɗin iri biyu ne. Akwai na kai tsaye da ake kira API, wanda ke rufe kwanakin kusan nan take. Akwai kuma na iCal, wanda kowane dandali ke leƙo kalandar lokaci zuwa lokaci, wani sa'in sai bayan awanni. A tsakanin nan, gidan da aka riga aka kama yana nan a buɗe ga duk mai so. Kwanaki kaɗai iCal ke kaiwa, ba ya ɗaukar farashi balle saƙon baƙo.

Manajanmu ya bar mu a kan iCal saboda ba ya son ƙarin kuɗin wata. Na rubuta masa tun kafin cunkoson hutun ƙarshen shekara cewa wannan giɓin zai ja mana matsala, ya ce in daina tsorata mutane. Yana kuma da wata ɗabi'a: tsofaffin baƙi su kira wayarsa, ya ce musu an gama, sai ya tuna sannan ya shigar a manhaja.

Ranar da abin ya faru, ya yi wa wani alkawarin gida da safe, na daren ranar, bai shigar ba sai bayan azahar. Kafin kalandar ta zagaya, wasu iyali sun kama gidan ta Booking.com, inda ake tabbatar wa baƙo nan take. Manhaja ta aika gargaɗin karo, wato an ba baƙi biyu gida ɗaya a dare ɗaya, amma zuwa akwatin manajan, shi kuwa bai buɗe ba. Da dare iyali biyu suka haɗu a ƙofa ɗaya, kowa da shaidarsa a waya, ga yara sun gaji da tafiya. Ƙa'ida ita ce mai gida ya nema wa baƙon masauki daidai da wanda ya biya ko mafi shi, ya kuma cika bambancin kuɗin. Ni na kwana ina kiran otal-otal a lokacin da ko'ina ya cika, ni na sha faɗan uban yaran, kuma ban ga laifinsa ba.

Washegari, a gaban mai kamfani, manajan ya ce ban sa ido a kan kalanda ba. Aka yanke bambancin daga albashina. Na buɗe kundin manhajar da ke nuna wanda ya shigar da kowane abu da kuma lokacin, na haɗa da wasiƙar da na rubuta wa manajan, na ce, "Yallaɓai, ga shi a rubuce." Mai kamfanin ya ce yanzu ba lokacin tone-tone ba ne. Bayan ɗan lokaci aka koma API, aka sanar da mu a taro cewa shawarar manajan ce. Kuɗina kuwa har na tafi ba a mayar ba. Abin da nake alfahari da shi shi ne iyalin da na nema wa otal sun sake dawowa, kuma ni suka nema.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. A Airbnb awa 24 gare ka ka amsa buƙatar baƙo, matsayin Superhost kuma, wanda Airbnb ke ba masu gidan da suka yi fice, yana son amsa kashi 90 cikin 100, da makin baƙi 4.8 cikin 5, da soke masauki ƙasa da kashi 1, don haka ka riƙa duba akwatin saƙonni kafin komai. Saƙon da manhaja ke turawa da kanta ya dace da lambar ƙofa da kwatancen hanya, amma mai ƙorafin cewa ruwa ya ɗauke, muryar mutum yake son ji. Ka toshe lokacin shara tsakanin mai fita da mai shiga a cikin kalandar kanta. Duk alkawarin da aka yi ta waya, a shigar da shi kafin a kashe wayar, ko waye ya yi shi. Ka sa gargaɗin karo ya riƙa zuwa wurinka. Kada kuma ka yarda a ba ka asusun da mutum uku ke shiga da kalmar sirri ɗaya, domin da asusunmu ɗaya ne da manajan, da ba ni da abin da zan nuna a ranar nan.