Sikila iri ɗaya, wahala daban-daban

Duk mai SS harafi ɗaya ne ya sauya masa a ƙwayar gado ta HBB, mai haɗa sinadarin jan jini, da ke kan kuromosom (zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa) na 11: inda ya kamata a karanta GAG, sai aka samu GTG. Amma a nan Kano sai ka ga 'yan ɗaki ɗaya, wannan kullum yana gadon asibiti ana masa ƙarin jini, wancan sai ya shekara ciwon bai tashi ba. Dalilin wannan bambanci na zauna nema da kwamfuta.

Hankalina ya fi karkata ga jinin jarirai, wanda likitoci ke kira HbF. Wanda jikinsa ya ci gaba da yin sa da yawa bayan haihuwa yakan samu sauƙi, kuma ƙwayar gado ta BCL11A da ke kan kuromosom na 2 na cikin masu kashe shi. Ita ce ma maganin Casgevy, da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, yake taɓawa.

Na tace bayanan gadon marasa lafiyar da manhajar PLINK, sannan na rubuta tawa manhajar da yaren kwamfuta na Python wadda za ta koyi hasashen wanda ciwonsa zai yi tsanani. Rubuta ta ba wani aiki ba ne. Wahalar tana cikin katin marasa lafiya. Yaron Fagge da ake kawowa da zarar ya ce wash, katinsa cike yake. Na ƙauye kuwa, wanda kuɗin mota ke hana iyayensa zuwa, sai inji ya ɗauka lafiyarsa ƙalau. Idan ba ka raba waɗanda ke shan maganin sikila na haidiroksiyuriya da sauran ba, to inji zai ɗora wa gado abin da magani ya yi, domin maganin kansa yana ƙara HbF.

Sai kuma ma'auni. Rumbun bayanan gadon al'ummomin duniya na 1000 Genomes yana da Yarabawan Ibadan da ƙabilar Esan, babu Hausawa, babu Fulani. Da na Yarabawa na riƙa kwatantawa, ina taka-tsantsan.

Da na kai wa malamina sakamakon farko, cewa ya yi, "Ka gwada shi a kan yaran da bai taɓa gani ba?"

"Ranka ya daɗe, su nake tattarawa yanzu."

Tun da dokar Kano ta 2024 ta wajabta gwajin jini kafin aure, 'yan uwa sukan tambaye ni ko manhajar za ta duba musu. Asibiti nake tura su, don wannan aikin gwajin jini ne.