Bahon da ke bakin ƙofa

A shekarata ta farko a gonar kaji, babu abin da na dogara da shi kamar bahon maganin da muke ajiyewa a bakin kowane ɗaki, wanda duk mai shiga sai ya tsoma takalminsa a ciki. A ganina muddin bahon na nan, ciwo ba shi da hanya.

Wata safiya likitan dabbobi ya zo duba kajin da suka fara zawo suna takurewa a lungu. Kafin ya shiga, sai ya durƙusa ya sa tsinke a bahon, ya ɗago shi da laka da kashin kaji. Ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Malam, yaushe rabonku da canza wannan?" Kwana tara ne. Kunya ta rufe ni.

Nan ya fahimtar da ni cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta, musamman kulorin, datti ke cinye ƙarfinsa. Sai an fara kankare takalmi da buroshi, sannan a tsoma, a kuma bar shi ya ɗan jima a ciki. Ashe bahonmu ya zama wurin da kowa ke kwasar cuta da ƙafarsa ya kai ɗaki na gaba, hankalinsa kwance. Wannan kwanciyar hankalin ta fi damuna, domin da babu bahon da mun fi yin hattara.

Daga baya na karanta labarin likita Ignaz Semmelweis. A 1847, a wani asibitin Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, ya lura ɗaliban likitanci kan baro ɗakin binciken gawa su wuce wurin masu haihuwa. Ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen mata ya sauko daga kusan 18 cikin ɗari zuwa ƙasa da 3 cikin 'yan watanni. Duk da haka likitoci da yawa suka ƙi yarda cewa hannunsu ne ke ɗauke da ajalin. Na fahimce su, don ni ma da ƙyar na yarda takalmina ne.

Yanzu kowane ɗaki da takalminsa. Da 'yan tsaki nake fara zagaye, sai manya, marasa lafiya su ne ƙarshe, daga wurinsu kuma ba na komawa baya. Bahon kuwa kullum da safe nake zubar da shi in haɗa sabo, buroshin na rataye a gefensa.