Shafi 16 da ɗalibaina suka haifa

Shekarar da aka damƙa mini ƙungiyar 'yan jarida ta makarantarmu a Zariya, aikinta bai wuce guda ɗaya ba. Kowace Litinin da safe, bayan an yi addu'a an rera taken ƙasa, yara biyu za su fito gaban taro su karanta labaran da suka ji a rediyo, a tafa musu, a watse. Ni malamin Hausa ne, kuma na daɗe ina jin haushin yadda yaro zai yi shekara 6 a sakandare ya fita bai taɓa ganin rubutunsa a wani wuri ba sai a takardar jarrabawa da jan biro a kanta. Shi ya sa na nemi izinin shugaban makaranta mu fitar da mujalla kafin ƙarshen zango na uku. Ya amince, da sharaɗin ba za mu taɓa asusun makaranta ba.

A zatona aikin tsara shafi ne zai ba mu wahala, don haka na shirya darussa a kan bango da kanu da hotuna. Na ce kowa ya kawo rubutu nan da mako biyu. Da suka kawo na zauna da daddare ina dubawa, sai jikina ya yi sanyi. Illar shaye-shaye. Muhimmancin ilimin 'ya mace. Biyayya ga iyaye. Barkwancin da ya gama zaga WhatsApp tun bara. Uku daga ciki da jimla ɗaya suka fara, ko waƙafi bai bambanta ba. Ban ga laifin yaran ba, domin mu muka koya musu haka. Mun horar da su a kan insha'in da zai ci maki a WAEC da NECO, mai gabatarwa da gundari da kammalawa, har suka ɗauka rubutu shi ne faɗin abin da manya suke son ji da manyan kalmomi. Babu wanda ya taɓa ce musu abin da ke bakin ƙofar gidansu ya isa a rubuta.

Washegari na mayar wa kowa takardarsa, na kafa doka ɗaya. Ba abin da zai shiga mujallar nan sai wanda ka gani da idonka, ko ka ji daga bakin wanda abin ya faru a kansa. Ajin ya yi tsit. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ai mu ba abin da ke faruwa a nan." Na tambaye shi shekara nawa Baba mai gadi ya yi a bakin ƙofar makarantar. Bai sani ba. Na tambayi sauran ƙarfe nawa Inna mai ƙosai take tashi kafin su same ta da kaskonta a kan wuta da ƙarfe 7. Ba wanda ya sani, alhali kullum a hannunta suke karyawa.

Tura yaro ya yi wa babba tambayoyi ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. An rene su a kan sunkuyar da kai, kuma tarbiyya ce mai kyau, ban so in rushe ta ba. Sai muka zauna muka tsara yadda za a yi. A tafi bibbiyu. A durƙusa a gaisa sosai, a faɗi abin da ya kawo ku, a nemi izini kafin a fito da biro. Idan ya ce ba yanzu ba, a yi godiya a koma gobe. Sannan, kuma wannan shi ne ya fi yi mana amfani, idan an gama rubutawa a koma a karanta masa kafin a buga.

A wurin karanta wa Baba mai gadi ne muka ga dalili. Yaron da ya yi hirar ya rubuta cewa Baba ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya ƙawata labarin da harbe-harbe. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, ni ban taɓa riƙe bindiga ba. Yaron mota ne ni a lokacin, buhunan abinci muke kai wa sojoji. Rubuta haka." Yaron ya dawo yana jin kunya, ya ce ya ƙara gishiri ne don labarin ya yi daɗi. Na ce ya koma ya tambayi Baba yadda tafiyar take, inda suke kwana, abin da suke ci a hanya. Abin da ya dawo da shi ya fi na farkon daɗi nesa ba kusa ba, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Kuskuren da ya fi tsaya mini a rai nawa ne. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai shiru-shiru, da ta rubuta labarin kakanta mai ɗinkin babbar riga a cikin birni. Ta faɗi yadda yake zana aska takwas a kan yadi kafin allura ta taɓa shi, da yadda riga ɗaya take cin watanni, da yadda idonsa ya fara rauni har sai ita take zura masa zare. Rubutun yana da rai, amma jimlolin gajeru ne, wasu a karye, kuma ta yi ta maimaita "sai ya ce mini". Na ɗauke shi gida na gyara. Na haɗa jimloli, na cusa karin magana biyu, na ƙara sakin layi a kan tarihin sana'ar. Na kawo mata ina jiran ta yi murna. Ta karanta a tsaye, ta ɗan jima, sannan ta ce a hankali, "Malam, ya yi kyau. Amma don Allah a cire sunana, wannan ba nawa ba ne."

Na rasa abin cewa. Gaskiya ta faɗa. Na ɗauke mata kakanta na ba ta wani tsoho mai magana da bakin malamin Hausa. A cikin abin da na goge har da inda ta ce idan ta zura masa zaren yakan ce Allah ya ba ta mai zura mata nata. Na goge shi ne don ina ganin bai shafi sana'ar ba, ashe shi ne zuciyar labarin. Na ba ta haƙuri a gaban 'yan ƙungiyar, na mayar mata da rubutunta na asali, muka zauna tare. Wannan karon ban riƙe biro ba. Tambaya kawai nake yi: nan me kike nufi, wannan zaren wane iri ne, a ina yake saye. Ita ta gyara da hannunta. Tun daga ranar na daina rubutu a cikin layin ɗalibi, sai dai in sa alamar tambaya da fensir a gefe. Hanyar tana cin lokaci ninki uku, kuma akwai ranakun da hannuna yake ƙaiƙayi, amma ban koma ba.

Tsara shafin da na ji tsoro shi ya zo da sauƙi, don yara suna son aikin hannu. Kwamfutar da muke iya samu guda ɗaya ce, wutar ma sai an ga dama, don haka muka fara da takarda da almakashi da gam. Na kawo fallayen A3 guda 4, muka ninke su a tsakiya muka cusa su cikin juna, na ce a rubuta lamba a kowane shafi daga 1 zuwa 16. Sannan na ce a ware su. Nan aka yi ta mamaki: shafi na 1 yana zaune kusa da na 16, na 2 da na 15, na 3 da na 14, kowane biyu idan ka haɗa 17 za ka samu. A nan suka gane dalilin da mai maɗaba'a yake cewa shafukan irin wannan mujalla sai sun zama huɗu-huɗu, kuma ba a cewa a ƙara shafi ɗaya don labarin wani ya yi tsawo. Ko dai a rage, ko a nemo abin da zai cika huɗu. Yaron da suka zaɓa edita ya koyi faɗa wa abokinsa cewa a yanke layi 10, abokin kuma ya koyi haƙuri.

Kowa ya so a zuba launi da salon harufa iri-iri a shafinsa. Ban yi musu ba, na bari suka yi, sannan na manna shafin a allo na ce su koma ƙarshen aji su karanta mini kanun. Suka kasa. Da kansu suka yanke cewa salo biyu ya isa, ɗaya na kanu ɗaya na labari, kuma farin fili a gefen shafi ba asarar takarda ba ne. Hotuna ma sun koya mana abu biyu. Hoton da aka turo ta WhatsApp yakan fito dishi-dishi a bugu, sai an kwafo na asali daga wayar. Sannan ba kowane gida ne yake son a buga fuskar 'yarsa ko tsohonsa ba, kuma haƙƙinsu ne. Kakan yarinyar nan bai yarda a ɗauki fuskarsa ba, sai ta ɗauki hannayensa a kan yadin. Shi ne hoton da ya hau bangon mujallar.

Sai maganar baƙaƙe masu lanƙwasa, wadda ta kusa ɓata mana komai. Mun buga rubutun da salon harufan kwamfuta mai suna Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar kuma masu buga Hausa suka daɗe suna dogaro da shi. Da muka kai filasha maɗaba'a, mai tsarawa ya zuba aikin a manhajar tsara shafi ta CorelDraw a kwamfutar da ba ta da salon, sai duk ƙ da ɗ da ɓ suka rikiɗe suka koma baka-biyu da wasu alamomi. Ya ce a sauƙaƙa, a mayar da su k da d da b, ai mai karatu zai gane. Kafin in buɗe baki editanmu ya nuna masa wani kanu mai cewa baƙi sun cika makaranta ranar rabon kyaututtuka, ya ce, "Yallaɓai, in aka cire lanƙwasar nan baki ne zai cika makarantar." Mutumin ya yi dariya ya karɓi salon ya sa a kwamfutarsa. Na yi zango uku ina koyar da bambancin ƙasa da kasa, da ɓata da bata, da cewa "yana" a haɗe take, "ya tafi" kuma a rabe, bai zauna musu ba sai da suka san sunansu ne zai fito a ƙarƙashin kuskuren. Sau uku suka bi shafukan layi-layi, ɗaya yana karantawa da ƙarfi ɗaya yana bi da rula.

Wata Asabar na bi da su ta Tudun Wada muka tsaya a gaban ginin Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945. Na gaya musu cewa a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma mutane daga garuruwa masu nisa suna aiko mata da wasiƙu da Hausa ana bugawa. Yawancin yaran sun sha wucewa ta wurin a motar haya ba su san abin da ginin yake ba. A hanyar komawa su suka kawo shawarar a ajiye kwali a bakin ofishin malamai don wasiƙun masu karatu.

Labari ɗaya ne ya kai mu gaban shugaban makaranta. Yara biyu sun yi mako guda suna tsayawa a wurin famfon burtsatse lokacin tara, suna ƙirga waɗanda aka kaɗa ƙararrawa ba su samu sun sha ruwa ba, yawanci 'yan aji ɗaya da manya suke turewa. Shugaban ya karanta ya ɓata rai, ya ce wannan tonon silili ne. Na roƙe shi alfarma ɗaya, ya bari yaran su zo su ji ta bakinsa. Suka zo suka gaishe shi, suka ce, "Ranka ya daɗe, mun ga matsala, muna so mu ji me hukumar makaranta take yi a kai." Ya yi musu bayanin takardun da ya rubuta yana neman ƙarin famfo, suka sa a labarin, ya sa hannu. Ina ganin da sun buga ba su tambaye shi ba da sun zalunce shi, da kuma na bari an cire da na zalunce su. Kafin a tafi hutu aka raba lokacin shan ruwa, ƙanana su fara.

Kuɗin bugu daga tallace-tallace muka haɗa shi: mai shagon littattafai, telan da ke ɗinka kayan makaranta, da wani tsohon ɗalibi mai gyaran waya. Bango kaɗai muka yi mai launi, ciki baƙi da fari, kuma mu muka ninke muka danna sitefila da hannunmu don a rage tsada.

Ranar da mujallar ta fito, na hango yarinyar da ta rubuta labarin Inna mai ƙosai a tsugune kusa da kasko tana karanta mata, Inna tana juya ƙosai tana gyaɗa kai, ana cikin haka ta tsayar da ita ta ce a maimaita wurin da aka faɗi cewa da kuɗin ƙosan ta aurar da 'ya'ya uku. Baba mai gadi kuwa ya sa tasa a leda ya soke a jikin rufin ɗakinsa. Da yamma zan fita da babur ya tare ni a ƙofa, ya ciro kuɗi daga aljihu ya ce in sayar masa da guda ɗaya kuma, zai ba direba ya kai wa 'yarsa da ke aure a Funtuwa.