Maƙwabtanmu 'yan Amurka

Watansu takwas ke nan a unguwarmu a Kano. A makon farko injin markaɗen da matar ta taho da shi ya ƙone ƙurmus, don wutarsu ta can bolt 120 ce, tamu kuwa 230, in an kawo ta ke nan.

Gaisuwa ce ta fi wahalar da maigidan. Ka ce masa ina gajiya, sai ya tsaya yana yi maka bayanin gajiyar tasa dalla-dalla! Yanzu kam "ba gajiya" yake cewa ya wuce.

Jiya a kasuwar Yankaba na tarar da matar tana cinikin tumatir. Mai kayan na cewa albarka, ta juya kamar za ta tafi. Sai da ya kira ta, "Hajiya, dawo mana!"