Jar fitilar da ta yi wata huɗu tana yi mini ƙarya

Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne, shekara goma sha bakwai ina riƙe da dalma. Na faɗi wannan tun farko don a san abin da ya same ni ba rashin sanin waya ya jawo ba. Ƙaramin sani ne, wanda aka ce ƙuƙumi ne, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Motata Golf 3 ce wagon, ƙirar 1996. Bayan an ƙwace wa wani maƙwabcinmu tasa a bakin ƙofar gida, sai na yanke shawarar sa mata ɓoyayyen makunni da zai yanke wa famfon mai wuta. Dabarar sananniya ce: in an tare ka, ka danna kafin ka fito, ɓarawo ya ja ta ɗan taƙi kaɗan ta mutu masa a hanya. Famfon Golf yana cikin tanki, don haka na bi wayarsa na yanka, na sa rile mai ƙafa biyar a tsakani (makunni ne da ke kamawa da kansa in an ba koyil ɗin da ke cikinsa wuta, ya saki in an ɗauke ta), na ɗauko wa koyil ɗin rilen wuta daga makulli ta bi ta makunnin. Tunda na riga na kwance dashbod, sai na haɗa da fitilar but da ta bonet. Waɗannan biyun ba su da labari, makunnansu bodi suke taɓawa, ka ba ƙwan wuta ta gefe ɗaya ka kai ɗaya gefen ga makunnin, shi ke nan. Har gobe lafiya lau suke.

Ta famfon ce ta kusa kashe mu.

Ina son fitilar da za ta nuna mini ja duk lokacin da na yanke famfon, don kada in manta in tsaya ina ta murɗa makulli batir ya ƙare. Hanya mafi sauƙi da ta zo mini ita ce in ɗaura ƙwan LED a kan ƙafafun makunnin guda biyu. In makunnin na rufe, wuta ta bi ta cikinsa ta ƙyale ƙwan. In an buɗe shi, ba ta da hanya sai ta ƙwan, sai ya kama. Waya biyu gajeru, babu ja-in-ja. Na ji daɗin kaina sosai a ranar. Da na ga ƙwai ɗaya ba ya ganuwa a ranar Kano, sai na jera biyu, kowanne da rezistonsa, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, na om 330, suka yi jawur kamar garwashi. Na gwada: na buɗe makunni, ja ta kama, na murɗa makulli, inji ya yi ta juyi bai tashi ba. Na rufe makunni, ja ta ɗauke, bugu ɗaya mota ta tashi. Na maimaita ya fi sau goma. Na mayar da dashbod na wanke hannu.

Abin da ban gwada ba ko sau ɗaya shi ne danna makunnin inji yana aiki. Wato ainihin abin da na sa shi dominsa. Kullum in na iso gida makulli nake fara kashewa, sannan in laluba in danna.

Watan Afrilu ne, tsakar rana, muna kan Titin Zariya wajen Unguwa Uku, ni da maiɗakina da yara biyu a baya. Sai warin fetur ya cika motar, irin mai hawa kai. Na gangara gefe. Na san in tiyo ne ya tsage, akwai sauran matsi a cikin layin, don haka na ce bari in yanke famfo in bar injin ya shanye abin da ya rage ya mutu da kansa. Haka ake yi in ana son sauke matsin layi. Na danna makunni, ja ta kama, na fito hankalina kwance na zagaya na ɗaga bonet.

Fetur ne ke tsartuwa daga tiyon, siriri kamar zare amma da ƙarfi, yana dukan bayan inji yana gangarowa wajen bakin salansa. Ina jin ƙarar cuwi-cuwi inda yake taɓa ƙarfe mai zafi. Injin kuma yana ta aikinsa tsaf, ko tari bai yi ba. Na tsaya ina ƙirge a raina, yanzu zai mutu, yanzu zai mutu, don da idona na ga ja. Ban san daƙiƙa nawa na yi a haka ba. Taku kaɗan daga wajen ga mai shayi da rishonsa a kunne. Shi ne ma ya daka mini tsawa, “Malam kashe motar mana!” Sai a lokacin bakina ya buɗe na ƙwala wa maiɗakina kira ta murɗe makullin. Ta murɗe, tsartuwar ta yi sanyi ta tsaya. Wani mai faci ya sheƙo da bokitin yashi, aka fitar da yaran, aka tura motar nesa da rishon. Allah ya tsare, wuta ba ta kama ba. Ni dai ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, a bakin kwalbati na zauna.

Tiyon ba wani abu ba ne, tsufa ne, an canja shi a ranar. Abin da ya hana ni barci shi ne makunnin. Washegari na sa mita a kansa, lafiyarsa ƙalau. Na canja rile, na sake gwadawa da inji a kashe, komai daidai. Na tayar da mota na danna, ja ta kama, inji ya ci gaba da harkarsa. Kwana biyu ina zargin kayan, har na koma Ƙofar Ruwa na sayo rile na uku. Girman kai ya hana ni zuwa wurin mai wayarin, sai da maiɗakina ta ce ita da 'ya'yanta ba za su ƙara shiga motar ba.

Dattijon da na kai wa bai ko ɗauko mita ba. Ya saurari bayanina har ƙarshe, ya leƙa ƙarƙashin dashbod, ya ce in tayar. Ya ɗora yatsa a kan rilen ya ce in danna makunnina. Na danna. Ya ce, “Injiniya, ka ji ta saki?” Na ce ban ji ba, Baba. Sai ya miƙa hannu ya zare waya ɗaya daga jikin ƙwan fitilar. Ƙas! Rilen ta saki, injin ya ɗan yi kakari ya mutu. Ya juyo ya dube ni ya ce, “Fitilarka ce ke ciyar da ita.”

Wallahi kafin ya rufe baki na gane, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo, don lissafin da nake koya wa yaran shagona ne. Wutar da ta bi ta ƙwan dole ta nemi hanyar komawa bodi, hanyar kuwa ta cikin koyil ɗin rilen take. Koyil ɗin om tamanin da 'yan kai ne. Rezistona biyu na 330 gefe da gefe, kowanne da tasa hanyar, sun zama om 165. Inji na aiki, altaneto na ba da bolt 14 da ɗoriya, ƙwan ja ya ci kusan biyu, sauran suka rabu tsakanin rezisto da koyil. Da na koma na auna, bolt huɗu na samu zaune a kan koyil ɗin alhali makunni a buɗe yake. Ita rile kuwa tana da hali biyu. Kafin ta ja ƙarfenta ta kama tana buƙatar wajen bolt bakwai ko takwas, amma in ta riga ta kama, ɗan abu kaɗan ya ishe ta riƙewa, sai wuta ta yi ƙasa sosai take saki. Shi ya sa gwajina goma duk suka ci: da inji a kashe bolt huɗu ba ya iya jawo ta. Da inji a kunne ta riga ta kama, huɗun nan ya riƙe ta gam. Da ƙwai ɗaya na sa da rezisto babba, wataƙila da ta saki. Son haske ne ya ja mini. Ni da hannuna na ƙara na biyun, ina murna.

Wata huɗu ke nan ina yawo da makunnin da, da 'yan fashi sun tare ni, sai dai in danna musu fitila su tafi da motar har Kaduna.

Baba bai ce in bar fitilar ba, sai dai ya tambaye ni abin da nake son ta gaya mini. Na ce ko an yanke famfo. Ya ce to ai taka fitilar labarin hannunka kawai take ba ka, cewa ka danna, famfon ba ta san halin da yake ciki ba. Muka cire komai daga jikin makunnin. Ƙwai kore muka ɗauko daga ƙafar rilen mai lamba 87, wadda ke tafiya famfo kai tsaye, zuwa bodi. Muddin tana ci, famfo na samun wuta, ko me makunni ke cewa. Ja kuma daga 87a, ƙafar tsakiya da na bari a banza tun farko, wadda ba ta samun wuta sai rilen ta saki da gaske. Tunda ƙafa ta 30 daga asalin wayar famfon take sha, jan yana kamawa ne lokacin da motar da kanta ke turo wuta, wato in ana murɗa makulli ko kafin injin ya ƙarasa mutuwa. Hakan ya ishe ni. Kowanne ƙwai ɗaya, rezisto om 1000, abin da yake ja bai wuce miliamfiya 12 ba.

Akwai abu ɗaya da ya nuna mini wanda ban taɓa kawowa a raina ba. Rezisto a gindin rilen ake ɗaura shi, kafin doguwar wayar da za ta taho dashbod. Fiyus ɗin famfo babba ne, in siririyar wayar nan ta goge ta taɓa bodi za ta iya yin ja ta narke kafin shi ya tsinke. In rezisto na gabanta, ko ta taɓa babu abin da zai biyo sai ɗan abin da bai kai ya ɗumama ta ba. Ni a bayan ƙwan na saba manna shi, don a rediyo babu ruwan kowa da inda yake.

Ya kuma yi mini dariya a kan inda na kafa jan, a tsakiyar dashbod inda kowa zai gani. Ya ce ɓoye makunni ka kunna masa fitila kamar ɓoye kuɗi ne ka tsaya a kai kana nunawa. Yanzu suna can ƙasa, sai na sunkuyar da kai nake ganinsu. Da na tambayi kuɗin aiki ya ce in ba yaransa na abinci, sannan in kawo masa rile biyun da na saya a banza.

Duk ranar Juma'a da safe kafin in fita nakan tayar da motar, in bar ta ta ɗan yi zafi, in danna makunnin ina kallon koren. Ta ɗauke, ja ta kama, in ƙirga. Yawanci kafin in kai biyar injin ya mutu. Maiɗakina ta dawo shiga motar, amma har yanzu in muka tsaya a go-sulo nakan ga tana shinshina iska, hannunta na kusa da makulli.