Abin da murar tsuntsaye ta koya mini a gonar kaji

Ina kula da kaji masu ƙwai lokacin da murar tsuntsaye ta ɓarke a gonakin da ke kewaye da mu, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne saurinta. Kazar da ta ci abinci da yamma sai a wayi gari ta mutu, waɗanda suka rage kuwa kawunansu sun kumbura, zankonsu ya yi shuɗi-shuɗi, jini ya taru a ƙarƙashin fatar ƙafafunsu, ƙwan da suke yi ya ragu kuma ɓawonsa ya yi laushi. Nau'in H5N1, wanda aka fara ganowa a jikin dinya a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996 kuma ya iso Afirka a 2006, yana iya kashe kusan dukan garke cikin kwana biyu.

Tsuntsayen ruwa masu ƙaura ne ke ɗauko cutar daga nesa, amma tsakanin gona da gona mutane ne ke yawo da ita. Kashin kaji yana maƙalewa a ƙasan takalmi, da tayar mota, da kiret ɗin ƙwai da dillali ya kwaso daga wata gonar, musamman na kwali wanda ba ya wankuwa. Saboda haka muka rufe ƙofa, muka hana baƙi shiga, muka ajiye ruwan magani a bakin kowane ɗaki, kowane ma'aikaci kuma da takalmin da ba ya fita da shi.

Duk da haka cutar ta shiga ɗaki guda. Wasu sun ba ni shawarar in gaggauta sayar da kaji masu sauran lafiya kafin su mutu, na ƙi, domin kazar da ta kamu tana yaɗa cutar tun kafin alamunta su bayyana, kuma kai ta kasuwa zalunci ne ga duk mai kiwon da zai saya. Na kira likitan dabbobi, aka ɗebi samfuri, da sakamako ya tabbata aka kashe garken gaba ɗaya aka binne a rami mai zurfi. Ranar ta yi mini ɗaci ƙwarai.

Mun bar ɗakunan fayau na makonni bayan wanki da feshi kafin mu zuba sababbin 'yan tsaki. Ma'aikatan da suka taɓa matattun kaji kuma an riƙa lura da lafiyarsu, tunda cutar tana kama mutum, kamar yadda aka gani a Hong Kong a 1997, har ma ta ɓulla a jikin shanun madara a Amurka a 2024.