Yadda muka saka yarona mai otizim a nazare

Yarona na da lalurar otizim, wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, a asibitin Malam Aminu Kano aka tabbatar mana. Ya kai shekara 4 maganarsa ba ta wuce kalma ɗai-ɗai ba, kuma ba ya son ƙara, ko injin markaɗe aka tayar a layinmu sai ya toshe kunne. Da muka fara zancen makaranta dangi kowa da tasa, wannan ya ce a bari ya ƙara girma, wancan ya ce a ci gaba da ruƙiyya tukunna. Addu'a kam ba mu fasa ba, amma zaman gida ba ya koya wa yaro zama da mutane.

Neman makarantar ma sai da na sha wuya. Akwai wata firamare mai zaman kanta da suna jin bayanina hedimasta ya ce wai aji ya cika, alhali yanzun nan ya miƙo min fom. Akwai doka fa, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya har a harkar ilimi, amma wa zai tsaya shari'a da makarantar da zai bar ɗansa a hannunsu? Na daina kallon fenti da lilo, na koma kallon malama. Wadda muka samu ajinta ko fanka babu, amma ranar farko durƙusawa ta yi daidai tsayinsa ta gaishe shi, da bai amsa ba ba ta matsa masa ba.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne hutun ƙarshen shekara, kafin a koma a Satumba. Na roƙi maigadi ya riƙa barinmu mu shiga ba kowa, ya ga ajinsa ya zauna a kujerarsa ya shiga banɗaki ya taɓa buta, na ɗauki hotunan duk wannan a waya har da mai adaidaitan da zai riƙa kai shi, kullum da daddare mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Yunifom kuwa tun a gida ya fara sawa, na yanke lambar nan ta wuya don tana sosa shi, takalmin ma sai da ya saba.

Na ce wa malamar, Anti don Allah in kin ga ya toshe kunne yana jijjiga ba rashin ji ba ne, kar a kai masa bulala, a fitar da shi baranda ya huce. Na rubuta mata yadda yake nuna yana jin fitsari da abin da yake ci, kullum taliya ce a kularsa, kar ta yi mamaki.

Asambali ne ya gagara, ga ƙararrawa ga ganga ga yara na ihun taken ƙasa. Sai muka daidaita ana kai shi bayan an shiga aji, a ɗauko shi lokacin tara, a hankali aka riƙa ƙara masa lokaci. Har yanzu akwai ranar da daga bakin get za mu juyo gida, musamman bayan dogon hutu, sai mu sake fito da hotunan nan. A zango na 2 ya fara bin layin wanke hannu da sauran yara, yanzu kuma abin da muke fama da shi riƙe fensir.